Kunne Ke Ji Ko Aljihu?

Gardama uku ne ba sa ƙarewa tsakanin ɗaliban Abdu Gusau: ƙwallo, siyasa da waya. Yanzu an samu ta huɗu. Tun da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, sai 'yar adaftar da ake soka wa waya ta zama abin taƙama. Wannan ya ce tasa ta fi zaƙin sauti, wancan ya ce ta abokinsa tana sa ganga ta yi kamar ana dukan bokiti. Ni ɗalibin lantarki ne, kuma ra'ayina shi ne mafi yawan bambancin da muke rantsuwa mun ji, ido da aljihu ne suka ji mana shi.

Bari mu fara da abin da ke cikin adaftar. Waƙar da ke wayarka lambobi ce zalla, sifika kuwa ba ta san lamba ba, lantarki mai hawa da sauka take so. To akwai wata 'yar ƙwaya da ke tsakani tana juya lambobin zuwa lantarki, a littattafanmu ana taƙaita sunanta da DAC. Tana cikin waya, tana cikin laftof, tana cikin rediyo mai memori da hom tiyatar da ake sa wa amare a falo, har da iyafis na Bluetooth. Akwai wadda kuɗinta bai kai kwanon shinkafa ba, akwai kuma mai akwati na musamman da ta fi sabon babur tsada.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci wani ɗan ajinmu ne, mutumin Bakura. Da hayar lasifika yake biyan kuɗin makaranta: walima, saukar Alƙur'ani, taron ƙungiya, duk shi ake kira. Wani mai shagon kayan sauti ya ba shi aron irin mai akwatin nan ya gwada na mako guda, ya ce masa idan ya saya kasuwarsa ta buɗe. Kuɗinta ya kusa cinye abin da ya tara na rajistar zango mai zuwa. Ya same ni ranar wata Talata, muna dawowa daga kasuwa.

"Injiniya, wallahi wagga ta hi wadda nika aiki da ita nesa ba kusa ba. Kai dai zo ka ji."

Na ce, "Zan ji, amma da sharaɗi. Sai mun rufe ido, daga ni har kai."

Dalilina a karatunmu yake. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a sakan, kuma saman yana raguwa da shekaru. Aikin Harry Nyquist na 1928 da na Claude Shannon na 1949 sun nuna cewa idan ka auna sauti fiye da ninki biyu na girgizarsa mafi sauri, za ka iya dawo da shi cif. Shi ya sa faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yake auna sauti sau 44,100 a sakan, kowane awo da matakai 65,536. Wannan yana ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin ƙara mafi ƙarfi da shiru. Ƙwaya mai araha ta yau, muddin an haɗa ta da kyau, tana cika wannan mizani. Kuskurenta yana can ƙasa, inda fankar ɗaki da janaretan maƙwabta suka riga suka binne shi.

An ma gwada abu mai kama da wannan a Amurka. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun buga sakamakon wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti. Sun riƙa kunna wa mutane faifai masu inganci fiye da CD, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci kuma sai an mayar da sautin lambobi a mizanin CD an sake dawo da shi, mai sauraro bai san wanne ake kunna masa ba. A cikin gwaji 554, sau 276 aka canka daidai. Rabi ke nan, abin da makaho da kurma ma za su samu da canke. Masana sun yi ta muhawara a kan tsarin gwajin, amma darasinsa ya tsaya: idan aka ɓoye wa ido, kunne yakan rage cika baki.

Mu ma sai muka shirya namu. Muka kunna sauti ɗaya mai tsayawa, muka ɗora mita a bakin kowace na'ura. Nan take asiri ya fara tonuwa, domin ta aron tana fitar da bolt fiye da tsohuwar adaftarsa. Kunnen ɗan Adam kuwa yana da wata ɗabi'a: abin da ya ɗan fi ƙara, ko da desibel ɗaya ne, sai ya ce ya fi kyau, ba zai ce ya fi ƙara ba. Muka daidaita su har mita ta nuna abu ɗaya. Muka rataya bargo, wani ɗan ajinmu na Maradun ya zauna a bayansa yana jefa marfin lemo, fuskar da ta faɗo ita ke zaɓar wadda zai soka. Kowa zai saurara sau 16 ya rubuta amsarsa. Muka yi yarjejeniya cewa sai wanda ya ci 12 za mu yarda ya ji da gaske, domin yiwuwar cin haka da canke bai kai 4 cikin 100 ba.

Mu huɗu muka zauna, muka gwada da waƙar sitidiyo ta zamani da karatun Alƙur'ani. Babu wanda ya kai 12. Mutumin Bakura, mai rantsuwa, bai wuce mu da komai ba. Ya cire iyafis ya yi shiru, can ya ce, "Kai, to mi ni ji jiya?"

Ba ƙarya ya yi ba, ya ji abin da ya ce. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan maganar ta faɗa daidai har ta yi yawa. Ka ga akwati mai nauyi da 'yar fitila, an faɗa maka farashi, ka tuna an ce araha ba ta ado, sai ƙwaƙwalwa ta ƙarasa sauran aikin. Shi ya sa masu gwada magani suke ɓoye wa majinyaci da likita wanne ne maganin gaske.

Kada a ce na ce duk na'urori ɗaya ne. Akwai laftof da idan ka soka masa caja sai ka ji "zzzz" a sifika, wannan kowa zai ji, kuma DAC ta waje takan yi maganinsa. Akwai manyan abin sauraro na kai da ƙaramar adafta ba ta da ƙarfin tura su, sai sauti ya fito a raunane. Akwai jabu da ke tsatsa. Amma waɗannan cututtuka ne da mita ke nunawa, kuma maganinsu ba ya buƙatar kuɗin rajista.

Inda bambanci yake na gaske shi ne farkon hanya da ƙarshenta. Ɗan Maradun ɗin nan yana da waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo a memori. Makaɗin ya rasu tun 1991, abin da ke yawo a wayoyinmu yawanci daga kaset aka kwafo shi, aka matse, aka tura daga waya zuwa waya. Shuuu ɗin kaset yana cikin lambobin, DAC mafi tsada a duniya za ta fito maka da shi ne yadda yake. Duk da haka da kotso ya tashi, 'yan amshi suka karɓa, babu wanda ke tuna adafta a ɗakin. A ɗaya ƙarshen kuma sifika ce da wurin da aka ajiye ta. Matsar da ita daga lungu zuwa tsakiyar bango kawai ka ji yadda ganga ke canza murya. Da muka buɗe lasifikokin abokinmu, takardar ɗaya ta tsage, wayar ɗaya kuma ta yi tsatsa a mahaɗa. Ya mayar wa mai shago kayansa da godiya, ya gyara waɗannan da kuɗi kaɗan, ya biya rajistarsa.

Akwai kuma na'urar da ba a sayar da ita a kowace kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yawan ƙara, ta kuma ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80. Da yawanmu muna kwana da iyafis a ƙure. Wanda ya ƙone kunnensa yana da shekara 22, babu DAC da za ta dawo masa da shi.

Mu da ake koya wa awo, abin kunya ne a riƙa sayar mana da kaya da daɗin baki. Gobe mu za a aika sayen batirin sola, famfon ban ruwa na Bakolori ko amfilifayar masallacin unguwa, da kuɗin jama'a. Duk wanda ya ce maka nasa ya fi, kada ka ƙaryata shi, kada kuma ka zaro kuɗi. Ka ce ya kawo, ka ɗauko mita da bargo.