Sandunan Sabis Ba Su Ne Isar Saƙo Ba

A wannan makon za mu ɗan kauce wa zancen jigo da salo, mu taɓa wani abu da ke tsakaninmu da mai karatu kullum, wato sabis ɗin waya.

Mu mutanen ƙasar Ruma mun san darajar sabis fiye da yadda muka so. A watan Satumba na 2021, bayan an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara, gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta sa aka katse su a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga. Batsari da Safana suna ciki, tare da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara da sauransu. Muka yi watanni wayoyinmu sun koma tocila da rediyo. Mai son kira sai ya shiga mota ya nufi inda sabis yake, wasu kuma suka koma ba direbobin tasha saƙo kamar zamanin kakanninmu. Mu da ke rubutu a waya muka fahimci cewa rabin alƙalaminmu yana rataye ne a jikin ƙarfen sabis.

To amma rashin sabis gaba ɗaya ya fi sauƙin sha'ani, domin kowa ya san matsayinsa. Abin da ya fi cin rai shi ne wanda muke fama da shi har yau a ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu: waya ta nuna sanduna uku ko huɗu, harafin E ko H yana zaune a sama, amma saƙo ya ƙi tafiya. Mu da muka yi difloma a fannin kwamfuta mun koyi dalili. Sandunan nan suna auna ƙarfin siginar da ke tsakanin wayarka da ƙarfen sabis ne kawai. Ba su san ko daga ƙarfen nan akwai hanya zuwa intanet ba, ba su kuma san ko datarka ta ƙare ba.

Masu ƙera manhaja ma wannan ne ke ba su ciwon kai. Da yawa daga cikinsu yanzu suna rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a Android da iPhone, da kayan aiki irin su Flutter na kamfanin Google ko React Native na kamfanin Meta. A Flutter akwai wani ɗan kayan haɗi mai suna connectivity_plus da ke gaya wa manhaja ko wayar tana kan Wi-Fi ko kan data, amma masu shi da kansu sun yi gargaɗin cewa hakan ba tabbacin samun intanet ba ne. A React Native kuwa NetInfo ya raba tambayar gida biyu: shin wayar ta haɗu da wata hanya? Shin kuma hanyar ta kai intanet? Ita Android dabarar da take yi mai sauƙi ce. Takan aika ɗan ƙaramin saƙo zuwa wata sabar Google, idan amsa mai lamba 204 ta dawo, sai ta yarda cewa hanya a buɗe take. Kamar ka aiki yaro kasuwa ne, ba za ka ce ya isa ba sai ya dawo da shaida.

Manhaja mai hankali ba ta tsayawa nan. Tana fara ajiye abin da ka rubuta a cikin wayar, ta sa shi a layi, ta riƙa gwada turawa tana ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji don kada ta cinye batir. Kowa ya ga wannan a WhatsApp: ɗan agogo yana nufin saƙo bai bar wayarka ba, alama ɗaya ya isa sabar kamfanin, alama biyu ya shiga wayar mutumin. Wannan gaskiyar ce muke so kowace manhaja ta gaya mana, maimakon ta yi ta juya ɗan da'ira har shafi ya mutu da rubutunmu a ciki.

Saboda haka ga abin da muke roƙon sababbin marubuta, musamman na karkara. Kada ka rubuta babi guda kai tsaye a akwatin Facebook. Rubuta shi a manhajar da ke ajiyewa cikin waya ko babu data, sannan ka kwafa ka liƙa. Idan ka samu sabis mai kyau, tura wa kanka kwafi ta imel, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. 'Yan'uwanmu mata masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, da duk mai shiga wata gasa, kada ku jira daren ƙarshe. Ku tura da sauran kwanaki, ku kuma buɗe akwatin saƙonnin da aka aika ku gani da idonku cewa ya fita. Wanda ke Kano yana iya yin sakaci ya tsira, mu a Ruma ba mu da wannan gatan.

Akwai kuma darasi ga rubutun kansa. Yawan masu danna alamar so a ƙarƙashin labarinka kamar sandunan sabis ne: suna nuna an gan ka, ba su nuna an karanta ka ba. Shaidar isar saƙo ita ce mai karatu ɗaya ya dawo ya ce maka ga abin da ya fahimta, ko ga inda bai yarda da kai ba. Ita ya kamata mu riƙa nema a wannan zaure.

Muna kira ga matasanmu masu koyon ƙera manhaja a Katsina da Dutsin-Ma su riƙa gwada aikinsu a kan sabis irin na Batsari kafin su ce sun gama. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Ruma da Arewa baki ɗaya. Sai mun ji daga gare ku.