Ƙuli-ƙulin Umma da jinin Auta

Autarmu tana da shekara tara lokacin da wasu 'yan ƙullutu masu launin ruwan ɗorawa suka fito mata a gwiwar hannu da kuma agara. Ba sa ciwo, ba sa ƙaiƙayi. Kaka ta ce a kira wanzami ya tsaga, wata maƙwabciya ta ce bakin mutane ne. Ni kuwa lokacin ina SIWES a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, kaina ya ɗauki zafi da ilimi, sai na ce a bari in kai ta a duba jini.

Sakamako ya fito, kolestarol ɗinta, musamman nau'in LDL mai toshe jijiyoyin jini, ya ninka na babban mutum lafiyayye. Ban jira likita ba. Na dawo gida na kafa doka: ba nama mai kitse, ba ƙwai, ba man shanu. Umma ta ce to me yarinya za ta ci? Na ce a ba ta gyaɗa da ƙuli-ƙuli, a yi mata girki da man gyaɗa, ai kayan tsiro ba su da kolestarol. Sana'ar Umma ke nan dama, abu ya zo gidan sauƙi. Wata huɗu muna a haka, ƙullutun sai ƙara girma suke.

Da muka ga likitan yara, abu na farko da ta nema shi ne a gwada Abba da Umma. Akwai ciwon kolestarol na gado da ke kama kusan mutum ɗaya cikin 250, wanda binciken yadda yake aukuwa ya kai Brown da Goldstein ga kyautar Nobel a 1985. A wannan ciwon, yawanci za a ga ɗaya daga cikin iyaye ma nasa ya hau. Namu iyayen kuwa lafiya lau. Sai ta tambaya, "Mama, ke da maigidan 'yan uwa ne?" Umma ta ce auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙani.

A nan ta yi mana bayanin wani ciwo da ba kasafai ake gani ba, sitostarolemiya, wanda aka fara ba da rahotonsa a 1974 a jikin wasu mata biyu, ya da ƙanwa, a Amurka. Tsirrai suna da nasu maiƙon mai kama da kolestarol, kamar sitostarol da kamfestarol. Jikin lafiyayye ba ya riƙe ko kashi 5 cikin ɗari na sitostarol ɗin da ya ci, don akwai wasu ƙwayoyin gado biyu, ABCG5 da ABCG8, da ke sa hanji da hanta su fitar da shi. Idan yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka, sai maiƙon ya taru a jini da jijiyoyi, har ya iya taɓa zuciya tun da ƙuruciya. Iyayen kuwa kowannensu guda ɗaya yake ɗauke da ita, shi ya sa ba ta nuna a jikinsu.

Abin da ya fi girgiza ni a matsayin ɗalibin lab shi ne, gwajin da nake yi kullum ba ya bambanta maiƙon tsiro da kolestarol, haɗa su yake ya ba da lamba ɗaya. Sai an yi gwaji na musamman da na'urar kuromatogirafi, mai rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Babu ita a garinmu, aika jinin aka yi, Abba ya sayar da ragon da yake kiwo don layya. Sati uku muna jira. Sitostarol ɗin Auta ya fito sama ƙwarai. Wato abincin da aka fi hana mai wannan ciwo, man girki na tsiro da gyaɗa da cakulan, da shi na yi wata huɗu ina ɗura mata. Wallahi daren nan ban yi barci ba.

Yanzu tana shan ezetimibe, maganin da ke rage abin da hanji ke tsotsa, kuma ƙullutun sun fara sacewa. Umma ba ta bar sana'arta ba, amma tukunyar Auta daban ce.

'Yan uwa ɗalibai, mun saba da gwajin jinotayif kafin aure saboda sikila, amma cututtukan gado ba su tsaya a nan ba. In kun ga ƙullutu a agara ko gwiwar yaro, ko kuna da dangin da ciwon zuciya ya ɗauke tun suna matasa, ku kai shi asibiti, ku kuma faɗa wa likita tarihin gidanku, har da batun auren zumunci. Mu kuma 'yan lab, aikinmu fitar da lamba ne, fassarar ta a bar wa likita.

Ranar da zan dawo makaranta Auta ta leƙo ɗakina ta ce, "Yaya, in na warke za ka sayo min ƙuli-ƙuli?" Na ce mata sai dai mangwaro. Ta ce to, guda biyar.