Maganar Da Ake Iya Maidowa

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A bakin mutum kam haka abin yake. Amma mu 'yan ƙungiyar Hausa, masu haɗa shirin da ake sa wa ɗalibai ran Asabar da dare, mun san wani wuri da ake zare magana, a kuma mai da ita inda take ba ta tauye ba. Wurin kuwa shi ne wata manhaja ta gyaran sauti mai suna Audacity, wadda ke cikin kwamfutocin makarantarmu. Mutum biyu suka ƙirƙiro ta, Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg, a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka. An fito da ita a 2000, kuma kyauta ake samunta.

In ka sa murya a cikinta, sai ka ga muryar ta fito a allo kamar haƙoran zarto. Inda aka ɗaga murya haƙoran su yi tsawo, inda aka yi shiru su kwanta. Sai ka zaɓi wurin da ba ka so, ka share. To, in ka saurara ka ji gyaran bai yi maka ba, sai ka danna Ctrl tare da Z, nan take abin da ka share ya dawo. Wannan muke kira warwarewa. In kuma ka sake shawara, Ctrl da Y za su mai da gyaran da ka warware. Ba sau ɗaya kaɗai ake yi ba. Mutum na iya bin sawunsa baya, taki bayan taki, har ya kai inda ya fara, domin manhajar ba ta zubar da guntayen da aka yanke, ajiye su take yi a cikin kwamfuta. Shi ya sa dogon aiki yake cin wuri da yawa.

Malaminmu ya ba mu labarin yadda ake yi a gidajen rediyo a da. Da reza ake yanka zaren tef, a liƙe bakin biyu da wani ɗan salatif. Guntun da aka cire sai a rataye shi gefe, ko a bukace shi. In ya faɗi cikin shara, shi ke nan. Kaset kuwa ya fi muni, gama in aka ɗauki sabuwar magana a kan tsohuwa, tsohuwar ta tafi har abada.

Sai dai 'yan'uwana ɗalibai su lura da abu biyu. In ka koma baya taki biyar, sa'an nan ka yi wani sabon gyara, to, waɗannan biyar ɗin sun ɓace, Ctrl da Y ba za su same su ba. Har wa yau, da zarar ka rufe aikin, duk tarihin gyare-gyaren ya goge, ko da kuwa ka adana.

Ranar da na san darajar abin nan ita ce ranar da muka zauna gyaran tatsuniyar kakata. Da hutu na ɗauke ta da wayar yayana, tana ba ƙannena labarin Gizo da Ƙoƙi. Ta tsufa ƙwarai, muryarta ta fara rawa, ban kuwa sani ba ko za ta iya sake ba da shi haka. Abokin aikina ya ce a cire tari, da dariya, da kukan akuya, da duk inda ta yi shiru, wai don ya fito kamar na gidan rediyo. Ni kuwa na ƙi. Gardama ta yi tsawo har aka kusa kaɗa ƙararrawar cin abinci.

Malam ya ce mu daina musu, mu bar kunne ya raba mu. Aka cire duka, muka saurara. Aka danna Z, muka sake saurara. Haka muka yi ta kai da kawowa. Da aka cire shirun da takan yi kafin ta faɗi dabarar Gizo, sai labarin ya zama kamar ana karanta sanarwa a taron safe. Abokina da kansa ya ce a maido shi. Ni ma na yarda a cire tarin, don yana katse zance. Akuyar muka bari, saboda duk wanda ya ji ta ya san a tsakar gida ake. Kafin mu rufe, Malam ya sa muka ajiye kwafi biyu, da gyararren da kuma na asali wanda ba a taɓa ba.

Da na koma gida hutun da ya biyo baya, na sa mata gyararren. Ta kasa kunne har ya ƙare, ta dube ni ta ce, "Kai maigidan, muryar tawa ce, amma ina ka kai mini tarina?"