Haruffa Biyu a Takardar Yaya

Shekara uku bayan rasuwar yayana muka buɗe adakarsa. Inna ce ta hana a taɓa ta tun farko, sai a daminar 2024 da rufin ɗakin ya yi yoyo, ruwa ya bi ta bango ya shiga cikin kayan. Muka fito da su tsakar gida don su sha iska. A cikin wani littafin lissafi na ga takarda an naɗe ta gida huɗu. A hagu akwai jerin haruffa da lambobi wanda ya fara da 1, a dama kuma wani jeri mafi tsawo wanda ya fara da L, kowanne da tambarin QR a samansa. Can ƙasa Yaya ya rubuta da biro: "2016. Na yara ne."

Na gane abin da nake riƙe da shi. Lalitar Bitcoin ce ta takarda, irin wadda ake yayi a shekarun baya. Jerin hagu shi ne adireshi, kowa yana iya ganinsa, kamar lambar asusun banki. Na dama shi ne mabuɗin sirri, wanda duk ya mallake shi ya mallaki kuɗin. Bitcoin ba shi da hedikwata balle manaja, don haka babu inda za a je da takardar shaidar mutuwa a ce ga magada. A shekarar da Yaya ya saya, Bitcoin ɗaya bai kai dala 1,000 ba. A watan Maris na 2024 ya haura dala 70,000. Da na duba adireshin a kundin hada-hadar da kowa ke iya leƙawa ta intanet, sai na tarar kuɗin suna nan, ba su motsa ba shekara takwas. Ba su kai kashi ɗaya cikin goma na Bitcoin ɗaya ba, amma sun isa su riƙe karatun marayu uku na tsawon lokaci.

Murnata ba ta kwana ba. Ruwan ya cinye rabin tambarin dama, kyamarar waya ta kasa karanta shi. Na saukar da wata manhaja, ta ce in ba ta kalmomi goma sha biyu, alhali takardar Yaya ba ta san wannan tsarin ba. Na koma wata da ke karɓar mabuɗi kai tsaye, na shigar da haruffa 52 ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mabuɗin ba daidai ba ne. Na sake, ta maimaita. Har aka kira sallar asuba ina kan abu ɗaya, amsa ɗaya.

Da safe matar Yaya ta tarar da ni a zaure ido ya yi ja. Ta ce, "Auta, in abin nan zai taɓa maka lafiya ka bar shi. Da ma ba mu san da shi ba." Na ce, "Anti, ki ba ni mako guda." Ban faɗa mata adadin ba, don kada in ɗora mata buri a kan abin da ban kama ba.

A cikin makon nan na kusa tafka kuskuren da ba ya gyaruwa. Wani abokina ya haɗa ni da mutumin da aka ce gwani ne a harkar kirifto. Muryarsa a waya mai sanyi ce, ya yi mini ta'aziyya, ya ce aikin minti goma ne, in dai ɗauki hoton takardar in tura masa. Na ɗauki hoton. Yatsana yana kan wajen turawa sai na tambayi kaina: in ya gyara mabuɗin, me zai hana shi kwashe kuɗin kafin ya kira ni? Babu. A wannan harka, abin da aka tura ya tafi ke nan, ba kotu ba ɗan sanda da zai juyo da shi. Na goge hoton, na ba shi haƙuri. Daga ranar bai sake ɗaukar wayata ba.

Sai na koma ga abin da na sani. Digirina a fannin lissafi ne, kuma tun da na gama bautar ƙasa ban sami aikin da na yi amfani da shi ba. Na zauna na karanta yadda ake gina irin wannan mabuɗi. Ashe ana rubuta shi ne da alamomi 58 kacal. An cire sifiri, da babban O, da babban I, da ƙaramin l, saboda suna kama da juna a ido. Na duba abin da na kwafa, sai ga babban I a wuri ɗaya, sifiri a wani wurin. Alamomin da babu su a tsarin na yi ta cusa wa na'ura, ina jin haushinta. Da madubin ƙara girma na gane na farkon lamba 1 ce, na biyun ƙaramin o ne da tawada ta baje.

Saura haruffa biyu, na goma sha tara da na ashirin, waɗanda ruwa ya mayar da su tabo guda. A nan na fahimci dalilin da manhajar ke ƙin karɓa. A ƙarshen kowane mabuɗi akwai ɗan hatimin tantancewa, wanda ake samarwa daga jikin mabuɗin ta hanyar lissafin SHA-256 sau biyu. Harafi ɗaya ya sauya, hatimin ba zai dace ba, kuma damar mabuɗin bogi ya tsallake wannan shinge kusan ɗaya ce cikin biliyan huɗu. Abin da na ɗauka taurin kai ne, ashe gadi ne. Kuma shi ne ya zame mini fitila, domin 58 sau 58 bai wuce 3,364 ba. Na cire tsohuwar kwamfutata daga intanet gaba ɗaya, na rubuta gajeren shiri da yaren Python wanda zai gwada kowane haɗi ya duba hatimin. Kafin in ajiye kofin shayi ya fito da amsa guda tak.

Na shigar da mabuɗin a manhajar waya, ta karɓa. Sai ta nuna sifiri.

Ban taɓa jin sanyin jiki irin na wannan lokaci ba. Na zaci mutumin nan ya riga ni ta wata hanya. Da na natsu na kalli adireshin da manhajar ta fitar, sai na ga ya fara da bc1, na takarda kuwa da 1 ya fara. Mabuɗi ɗaya yana iya haifar da adireshi iri-iri, kuma nau'in bc1 ya zo ne da gyaran SegWit na 2017, bayan Yaya ya buga takardarsa. Manhajar ta buɗe sabon ɗaki ne, kuɗin suna tsohon. Na koma Electrum a kwamfuta, na rubuta p2pkh: kafin mabuɗin don in nuna mata tsohon nau'i nake nufi. Adireshin takarda ya bayyana, harafi da harafi, kuɗin a ƙarƙashinsa. Ban bar su a nan ba, tunda mabuɗin ya riga ya ratsa waya. Na share su duka zuwa sabuwar lalita a tura ɗaya, domin cirar wani ɓangare daga lalitar takarda yakan sa canjin ya tafi adireshin da mutum bai lura da shi ba.

Ƙarfe biyun dare ne, gida ya yi tsit. A nan jarrabawar gaske ta zo, wadda ba ta da alaƙa da lissafi. Duk duniya ni kaɗai na san an dace, ni kaɗai na san adadin. Ba ni da aiki, takalmina ya mutu, kuma a shari'a ba ni da ko kwabo a dukiyar, domin Yaya ya bar ɗa namiji. Da na ce musu ruwa ya lalata takardar, da sun yarda, har su yi mini sannu da wahala. Ba zan ce tunanin bai zo mini ba. Ya zo, ya zauna, ya kawo hujjoji: wa ya yi kwanan zaune, wa ya san Python a gidan? Na tuna mutumin wayar, sai na ga tsakanina da shi taku ɗaya ne. Na ɗauko takardar na sake kallon rubutun biro a ƙasa. Ruwa bai taɓa shi ba.

Bayan sallar asuba na shiga ɗakin Inna na faɗa mata adadin a gaban Anti, don in rufe wa kaina ƙofa. Inna ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Allah ya jiƙan yayanka. Je ka kira malam." Da yake Babban Bankin Najeriya ya ɗage takunkumin da ya sa wa bankuna kan hada-hadar kirifto tun Disamba 2023, mayar da kuɗin naira bai ba mu wahala ba. Malam ya fitar wa Inna sudusi, Anti sumuni, ragowar na yara.

Yau takardar ba ta da darajar ko sisi, amma tana nan a cikin littafin lissafin. Na ɗauki darasi daga kuskuren Yaya, wanda ya ɓoye dukiya har ya kusa ɓoye ta ga waɗanda ya tara wa. Na rubuta wa Anti bayani da Hausa, na koya wa babban yaron bambancin adireshi da mabuɗi. Ranar da na raka shi biyan kuɗin makaranta ya tambaye ni yadda na gano haruffan da suka ɓace. Na ce masa wannan kwamfuta ce ta yi, cikin ƙiftawar ido. Sauran labarin sai ya girma.