Zaɓen Taya ga A-kori-kurar Gidanmu

Sana'ar gidanmu noma ce da jigilar amfanin gona. Mu mutanen ƙasar Oke-Ogun ne a Jihar Oyo, gonarmu tana bayan garin Iseyin, kuma doya da rogo da kashu muke nomawa. Abin da ke kai wannan amfani kasuwar Bodija ta Ibadan kuwa wata tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Toyota Hilux, wadda ta girmi ƙanwata da shekara biyu. Da abin da take kawowa ake ci a gida, da shi kuma ake biya mini kuɗin makaranta. Saboda haka a wurinmu maganar tayarta ba ƙaramar magana ba ce, domin duk ranar da ta kafe a hanya da lodin doya, to ranar kasuwa ta wuce mu, dillali kuma ba ya jiran kowa.

A farkon shekarar 2024 tayoyinta huɗu suka suɗe, har zanen na baya ya kusa ɓacewa. Baba ya ce da zarar an sayar da kashu za a sauya su kafin damina ta kankama. Nan fa ra'ayi ya rabu. Baba yana son 'yan gwanjo, wato waɗanda muke kira tokumbo, saboda sauƙin kuɗi. Yayana, wanda shi ne direban motar, yana son manyan tayoyin nan masu gwala-gwalan haƙora, irin waɗanda yake gani a motocin masu aikin hanya. Ni kuwa, da yake ni ne ɗan boko a gidan, sai aka ɗora mini aikin karanta abin da ke rubuce a jikin taya. Abin da na koya a wannan aiki shi nake so in gaya wa mai karatu.

Da farko, tayoyin irin wannan mota kashi uku ne, kuma akan rubuta alamar kowane kashi a gefen taya. Akwai mai alamar H/T, wadda aka yi domin kwalta: zanenta ƙanana ne, ba ta da ƙara, kuma ba ta sa mota shan mai. Akwai mai alamar M/T, wadda aka yi domin taɓo: haƙoranta manya ne, da faɗin giɓi a tsakaninsu don laka ta riƙa fita. Sai ta uku mai alamar A/T, wadda ke tsakanin biyun, aka yi ta don ta bi kwalta, ta bi burji, ta bi duwatsu da yashi. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da tasa irin wannan taya tun a shekarar 1976, kuma a yau kusan duk manyan kamfanonin taya suna yin ta. Don sauƙin bayani na raɗa musu suna: ta farko 'yar kwalta, ta biyu 'yar taɓo, ta uku kuma taka-ko'ina. Na yi hakan ne ganin cewa Bahaushen da ya dubi mota ya ce mata a-kori-kura ba zai ƙi irin wannan harɗaɗɗen suna ba.

Tambayar da ta warware gardamarmu ita ce: wace hanya motar ta fi bi? Muka zauna muka ƙirga. Daga gona zuwa bakin kwalta kimanin kilomita 14 ne na jar ƙasa mai gargada, da rafi ɗaya da ake tsallakawa. Daga Iseyin zuwa Moniya kuwa, hanyar da aka sake ginawa aka buɗe a shekarar 2021, kilomita 65 ce ta kwalta, kafin a shiga cikin Ibadan. Ke nan a kowace tafiya kwalta ta ninka burji fiye da sau huɗu. 'Yar taɓon da Yaya ke so za ta yi mana amfani a wannan ɗan gajeren zango, amma a kan kwalta gurnani take yi, tana saurin cinyewa, kuma idan aka taka birki a jiƙaƙƙiyar hanya takan ɗauki nisa kafin mota ta tsaya. Ga kuma shan mai, wanda tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya zama abin da kowane mai mota ke lissafawa lita-lita. 'Yar kwalta kuma, a nata ɓangaren, ruwan farko na damina ya isa ya sa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya a gangaren rafin nan. Taka-ko'ina ba ta kai 'yar taɓo a cikin laka ba, ba ta kuma kai 'yar kwalta laushin tafiya ba, amma ita kaɗai ce za ta iya fita daga gonarmu ta isa Bodija ba tare da mun yi babbar asara a ɗayan zangon ba.

Bayan nau'i sai girma da ƙarfi. A jikin tsohuwar tayarmu an rubuta 205 R16C 110/108S 8PR. Lamba 205 faɗin taya ne a milimita. Harafin R yana nuna irin saƙar cikinta, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya ƙirƙiro a 1946. Lamba 16 girman wili ne a inci, harafin C kuma alama ce ta tayar motar ɗaukar kaya. Lamba 110 ita ce ta lodi, ma'anarta kowace taya za ta iya ɗaukar kilo 1,060 idan an ba ta iskar da ta kamata. Harafin S yana nufin iyakar gudunta kilomita 180 a awa. Shi kuwa 8PR ma'aunin ƙwari ne: ana nufin tana da ƙarfin taya mai falle takwas, ko da ainihin fallayen da ke cikinta ba su kai haka ba. Wannan bayani ya yi mana rana, domin akwai taka-ko'ina da aka yi wa motocin shiga na alfarma, masu kyan gani amma gefensu ba kauri. Irinsu kututturen gona ɗaya ya isa ya farke su, balle a ɗora musu kusan tan guda na doya.

Yaya ya so a ƙara girma, a sa mai lamba 265/70 don mota ta ɗaga. Sai bakaniken da ke duba mana motar ya ja masa kunne. Ya ce wilinmu siriri ne, ba zai riƙe taya mai wannan faɗi ba sai an sayi sabon wili, kuma taya mai nauyi tana wahalar da kuloci da birki, musamman ga tsohon inji a hawan tudu da lodi. Ya ƙara da cewa mota mai ja da ƙafa huɗu ba ta son a gauraya mata tayoyi masu bambancin girma ko zane. Muka tsaya a kan girman da masu ƙera motar suka rubuta.

Saura maganar Baba ta gwanjo, kuma ita ce ta fi wuya, don hujjarsa tana da ƙarfi. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, akasarin tayoyin da muke hawa daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Kuɗin sababbi biyu zai iya sayen 'yan gwanjo huɗu har a yi canji. Na ce masa, "Baba, ku bari mu je mu duba shekarunsu tukuna." A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da haruffan DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. A wani shago da muka shiga, mai kayan ya fito mana da wasu da ya goge su suna ƙyalli, zanensu kamar ba a taɓa hawa ba, yana rantsuwa cewa bara aka yi su. Na duƙa na karanta: 3116, wato mako na 31 na shekarar 2016. Sun kusa shekara takwas. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa a ɗauki shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Wasu kamfanonin sun fi sassauci, kamar Michelin da ke cewa a riƙa kai ta dubawa duk shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma ko da zanenta bai ƙare ba. Ko wanne aka bi, roba tana bushewa da shekaru, ta yi ƙananan tsaga, kuma zafin kwalta da nauyin kaya su ne ke fasa irinta ana cikin gudu. Baba ya sa babban yatsa ya danna gefen ɗaya, ya ga tsagar da idonsa, ya ce, "Ɗana ne ke tuƙa motar nan." Daga nan bai sake maganar gwanjo ba.

Kuɗin kashu bai kai na sababbi huɗu ba, sai da aka haɗa da na awaki biyu. Muka sayi taka-ko'ina mai lamba 205 R16C, ƙirar mako na 47 na 2023, muka zaɓi mai dama-dama cikin tsofaffin muka bar ta a matsayin safaya. Wani dattijon direba da ke kawo wake Bodija daga Arewa, wanda nakan zauna wurinsa don in goge Hausata, ya zagaya motar ya duba, ya ce, "Samari, araha ba ta ado. Amma ku kula da iska, don ita ke ɗaukar kaya." Maganarsa gaskiya ce. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin motar ko a littafinta, lambar da ke jikin taya kuwa iyaka ce da ba a so a wuce. Ana auna iska ne da safe kafin taya ta yi zafi. Yanzu Yaya yana da gejinsa a aljihun mota, ba ya dogara da bugun ƙarfen mai faci, kuma yakan sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya, don su cinye daidai.

Ba zan ce tayoyin nan sun raba mu da wahalar hanya ba. A watan Satumba na wannan shekarar, bayan ruwan kwana biyu, laka ta cike zanensu a bakin rafi, sai da muka sauke rabin doya muka tura. Da 'yar taɓo ce wataƙila da ta fita da kanta. Amma rana ɗaya ke nan cikin damina guda, sauran ranakun kasuwa kuwa duk mun same su, kuma ba wadda ta fashe a hanyar Moniya.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu ba mu da mota, amma kowannenmu yana shiga ta haya idan an yi hutu. Kafin ka zauna, ka ɗan duƙa ka dubi tayar da za ta ɗauke ka. Ka nemi lambobin nan huɗu, ka duba ko akwai kumburi ko tsaga a gefe, ka kuma duba zurfin zane, wanda bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba. Idan abin da ka gani bai kwanta maka ba, ka jira mota ta gaba.