Tarin da ba na fuka ba

Da hunturu tarin ya kama Yayata, shi ya sa kowa ya ce ƙura ce. Busasshen tari ne, ba kaki. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo, tari yana nan. Macen da ke surfa tiyar gero ita kaɗai ta koma ko tsakar gida ta share sai ta dafa bango tana haki. Da dare zufa ta jiƙa mata zani. Ta rame har awarwaronta na zamewa.

Aka ɗauki hoton ƙirji a asibiti, aka ce tarin fuka ne, duk da cewa gwajin kaki bai nuna ƙwayar cutar ba. Ba abin mamaki ba ne, don a ƙasarmu tarin fuka ya yawaita. Wata 6 tana haɗiyar magani, ba sauƙi. Inna ta ware mata kwano da moɗa, aka hana 'ya'yanta kwana ɗakinta. Wannan ya fi tarin ci mata rai.

Tun kafin nan wasu ƙulle-ƙulle masu zafi sun fito mata a ƙwauri, idon sawunta ya kumbura, aka ce sanyi ne. Sai idonta ya kaɗa ya yi ja, ba ta iya kallon haske. Likitan ido ne ya ji tana tari, ya ajiye fitilarsa ya ce, "Hajiya, tun yaushe?" Ya nemi ganin ƙwaurin, ya tura mu wurin likitan huhu.

Can aka nuna mana kaluluwa a kumbure a ɓangarori biyu na ƙirjinta. Aka yanki ɗan nama aka gwada, aka ce sarkoidosis ce. Ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke taruwa su dunƙule cikin gaɓoɓi. Kusan mutum 9 cikin 10 a huhu ko kaluluwar ƙirji take kama su, amma takan taɓa ido da fata, har zuciya. Ba ta yaɗuwa. Wasu sukan warke ba magani. Yaya dai sai da aka ɗora ta kan prednisolone, numfashi ya dawo a hankali.

Wanda ya gama maganin tarin fuka bai ji sauƙi ba, don Allah ya koma asibiti. Ya faɗi komai, har jan ido da kumburin ƙafa, ya tambayi likita ko an duba sarkoidosis.