Yaye Ba Ya Raba Ɗa Da Uwarsa

  

A nan ƙasar Gaya da Ajingi, idan aure ya mutu kuma akwai goyo, lissafin da dangin miji suke fara yi shi ne watanni nawa suka rage a yaye yaron. Ranar da aka cire shi daga nono, sai a aiko gwaggonsa ta ɗauke shi, a ce ai ɗa na uba ne. Uwa ta yi kuka ta share hawayenta, domin ita ma ta taso ne tana jin cewa haka addini ya ce. Alhali wannan al'ada ce tsagwaronta, kuma ta saɓa wa mazhabar Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da ita.

Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta kan babin halana, wato riƙon yaro da renonsa. Bayan saki uwa ce take da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne, riƙo ya koma hannun kakarsa ta wajen uwa, bayanta sai yaya ko ƙanwar uwar. Uban da kansa yana can baya a jerin. Babu abin da aka rage masa na matsayinsa: ɗan nasa ne, shi ne waliyyi, shi zai sa ido a kan karatu da tarbiyya, kuma ci da sha da tufafi da magani duk suna wuyansa, a duk gidan da yaron yake kwana.

Imam Malik ya kawo wata ƙissa a Muwaɗɗa wadda nake so kowane saurayi ya sani tun kafin ya kai kuɗin aure. Sayyidina Umar ya saki wata matarsa Ba'ansariya, mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta riske shi, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar, shi kuwa ya umarci Umar ya sakar mata yaron. Umar bai mayar da magana ba. Ku duba fa, Umar ɗan Haɗɗabi ne, wanda babu mai tababar ƙarfinsa ko iliminsa, kuma wata tsohuwa ce ta yi galaba a kansa.

Ni rajistar aji ce take nuna mini illar abin. Akwai wata yarinya 'yar shekara tara da nake karantarwa a Islamiyya, ta fi kowa saurin hadda. Rana ɗaya aka daina ganinta. Da na bincika sai aka ce mahaifinta ya zo ya tafi da ita wani ƙauye ta wajen Ajingi, saboda uwarta ta nemi kuɗin ciyarwa a gaban mutane, shi kuma ya ji an tozarta shi. Bayan watanni na haɗu da ita ranar kasuwa da farantin talla a ka. Ta durƙusa ta gaishe ni, na ce ta ja mini surar da muka tsaya a kanta, sai ta sunkuyar da kai. Uban ba mugu ba ne a idon jama'a, yana sahun gaba a masallaci. Fushi ya yi da tsohuwar matarsa, ya rasa abin da zai rama da shi sai 'yarsa, ga shi kuwa aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa.

Ɓangare na biyu na ayar ya hau kan mata. Wadda ta hana uba ganin ɗansa, ko take cusa wa yaro ƙin dangin ubansa, ita ma ta yi zalunci. Riƙo yana da sharuɗɗa: hankali, amana, lafiya, da wurin zama mai tsaro. Malamanmu sun kuma yarda uba ya tafi da ɗansa idan zai ƙaura ƙaura ta zama zuwa tafiyar baridi 6, wato sama da kilomita 100. Daga Gaya zuwa Ajingi, kai ko zuwa birnin Kano, bai kai haka ba.

Sai maganar tsaro, wadda ta fi nauyi. Wani sakin ba ya kawo ƙarshen fitina: tsohon miji ya riƙa zuwa ƙofar gidan iyayenta da zagi da barazana, ko ya tare yaro a hanyar makaranta. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar VAPP ta hana cin zarafi, wadda ta ba kotu ikon ba da umarnin kariya, wato ta hana mutum kusantar wanda yake cutarwa ko gidansa. Dokar tarayya ce mai aiki a Abuja, kowace jiha sai ta yi tata, kuma an daɗe ana muhawara a kanta a Kano. Na ji samari suna cewa irin wannan umarni shirin Turawa ne na raba gidajen Musulmi. Ina iya fahimtar tsoronsu a kan wasu sassan dokar, amma asalin kariyar tsoho ne a fiƙihunmu. A Muhtasar na Shehu Halil, idan mace ta yi ta ƙarar cutarwa ba ta da shaida, alƙali zai zaunar da su cikin mutanen kirki da za su ga abin da ke faruwa. Idan cutarwa ta tabbata, tana da damar a raba auren. Alƙalin da aka ba ikon sauya wa ma'aurata mazauni don kare mace, ina dalilin da zai hana shi tsawatar wa wanda igiyarsa ma ta tsinke?

A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi maganar tsara dokar iyali ta Musulunci, sai hayaniyar ƙara aure ta danne babin riƙo da ciyarwa. A 2023 Gwamna Ganduje ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar. Amma bazawarar da ke ƙauye ba ta san da su ba, kuma ana tsoratar da ita cewa kai uban 'ya'yanta kotu abin kunya ne da zai bi yaran.

Ku da kuke karatu, ku ne yayye da ƙanne a waɗannan gidaje. Idan saki ya faru a danginku, ku nemi a zauna gaban mai unguwa ko liman ko ofishin Hisbah tun idda ba ta ƙare ba, a rubuta takarda da shaidu: wa zai riƙe yaro, nawa uba zai bayar duk wata, wace rana zai gan shi, wa zai zo ɗaukarsa kuma yaushe za a dawo da shi, wace makaranta zai ci gaba da zuwa. Idan akwai duka ko barazana, a je asibiti a karɓi takardar likita, a adana saƙonnin waya, a kai gaban alƙalin kotun shari'a mafi kusa, kuma namiji daga cikin danginta ya raka ta ranar zama.